Wayar sirri ta gwamnati da tsaron jiragen sama: wa ke riƙe da mabuɗi?



A daren Laraba 28 wayewar Alhamis 29 ga watan Janairun 2026, mazauna unguwannin da ke kewaye da filin jirgin saman Diori Hamani na Yamai ba su runtsa ba, saboda ƙarar harbe-harbe da fashewar abubuwa. Da gari ya waye, ma'aikatar tsaron ƙasa ta ce wasu mahara ne suka faɗa wa sansanin sojan sama na 101, an kashe 20 daga cikinsu, an kama 11, sojoji 4 kuma sun ji rauni. Harsasai sun taɓa jiragen fasinja na kamfanonin Air Côte d'Ivoire da ASKY da ke ajiye a filin. Daga baya ƙungiyar IS ta ce ita ce ta kai harin.

An yi ta magana a kan wa ya kai harin da wa ya ɗauki nauyinsa. Mu a yau wani ɓangare za mu duba. Sansanin soja da filin jiragen fasinja na Yamai a wuri guda suke. To a irin wannan dare, lokacin da sojoji ke harbi sama, idan akwai jirgin fasinja da ya doso gari zai sauka, wa zai kira wa ya ce a dakata? Da wace waya? Idan kuma maharan suna sauraron wannan wayar fa? Ko wani ya kwaikwayi muryar babba ya ba da umarnin ƙarya?

Nan ne maganar wayar sirri ta gwamnati ta shigo. Da jin sunanta mutum zai ce harkar manya ce, babu ruwan talaka. Amma duk wanda yake da maniyyaci da zai tashi zuwa Makka, ko ɗa da ke dawowa daga Abidjan ko Kasablanka ko Istanbul, yana da ruwa da tsaki a ciki.

Magana iri biyu ce a harkar jirgi

Ta farko ita ce wadda matuƙi yake yi da masu ba shi hanya daga ƙasa. Wannan a buɗe take, kuma da gangan aka bar ta haka. Rediyo ce kamar tamu. Tashoshin FM suna tsakanin mita 87.5 da 108, su kuwa jiragen farar hula suna magana tsakanin 118 da 137. Duk matuƙin da ke yankin yana jin abin da ake faɗa wa ɗan'uwansa. In an ce wa jirgin Habasha ya sauko, matuƙin jirgin Turkiyya da ke bayansa ya ji, ya san inda zai kiyaye. Akwai kuma zangon gaggawa na 121.5 wanda duniya duka ta yarda da shi. Idan matuƙi ba ya iya magana, yana da lambobin da zai danna: 7700 yana cikin haɗari, 7600 rediyonsa ta mutu, 7500 an yi fashin jirgi. Da za a kulle wannan magana, jiragen ƙasashe daban-daban ba za su ji juna ba, sai a yi karo a sama.

A Nijar, hukumar ASECNA ce ke wannan aiki. An kafa ta a 1959, hedikwatarta na Dakar, kuma ɗan ƙasarmu Mohamed Moussa ya shugabance ta daga 2017 zuwa ƙarshen 2024. Cibiyarta ta Yamai tana cikin manyan cibiyoyinta, tana ba da hanya ga jiragen da ke ratsa yammacin Nijar da Burkina Faso da wani yanki na Mali. Jirgin Air Algérie da ya faɗi kusa da Gossi a Mali ranar 24 ga Yulin 2014 da mutum 116, yana cikin yankin da Yamai ke kula da shi ne. A nan Yamai ɗin ma makarantar EAMAC take, inda ake horar da masu ba jirage hanya na ƙasashen Afirka da dama.

Bayan murya, jirage suna watsa lambarsu da tsayinsu da inda suke, ba tare da kulle ba. Shi ya sa ɗan'uwa da ke Faransa ko Saudiyya yake buɗe Flightradar24 a salularsa ya ga jirgin da mahaifiyarsa ta hau ya wuce Agadas. Abin da shi ya gani, mai mugun nufi ma ya gani.

Magana ta biyu ita ce wadda ake yi a ƙasa tsakanin masu yanke hukunci: fadar shugaban ƙasa, hafsan hafsoshi, kwamandan sansani, hasumiyar filin jirgi, hukumar ANAC mai kula da sufurin sama, ƴan sanda da jandarmomin filin jirgi, da takwarorinsu na maƙwabta. Wannan ita ce ke buƙatar kulle. Tun da ta farko dole a buɗe take, nauyin sirri duka yana kan ta biyu.

Yaya ake kulle magana?

Wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san zaurance. Ƴan mata biyu za su yi hira a gabanka, suna cusa wasu gaɓoɓi a cikin kalmomi, kana ji amma ba ka fahimta. Wayar sirri haka take, sai dai na'ura ce ke yin zaurancen. Tana mayar da muryarka lambobi, ta cakuɗa su da wata doguwar lamba da ake kira mabuɗi, sai ta aika. Wanda ya tare a hanya shirme kawai zai samu. Wayar da ke ɗaya ɓangaren, mai irin wannan mabuɗin, ita ce za ta warware ta mayar da muryar yadda take.

Kiran salula na yau da kullum yana da ɗan kulle tsakanin wayarka da eriyar kamfani. Daga eriya zuwa cikin na'urorin kamfanin kuwa, wannan kullen ya ƙare. Shi ma ɗan kullen na tsohon rezo, masana a Jamus sun nuna tun 2009 cewa ana fasa shi. A 2014 kuma suka nuna cewa ta hanyar da kamfanonin waya na duniya ke miƙa wa juna kira, ana iya gano inda mutum yake, a saurari kiransa daga wata ƙasa.

WhatsApp ya fi wannan, don tun 2016 yake kulle magana daga waya zuwa waya. Amma yana da iyaka. Kamfanin ya san wa ya kira wa, da wane lokaci. Sannan idan aka shiga cikin wayar kanta, kullen ba ya da amfani, don ana jin maganar tun kafin a kulle ta. Wannan shi ne aikin manhajar Pegasus da ƴan jarida suka bankaɗo a 2021, inda aka ga lambar shugaban Faransa Emmanuel Macron a cikin jerin lambobi kusan 50,000 da ake zaton an sa wa ido. Kafin nan, a 2013, takardun Edward Snowden sun nuna Amurka ta sa ido kan salular shugabar gwamnatin Jamus Angela Merkel, alhali ƙawaye ne.

Shi ya sa layin gwamnati na gaske yake da aiki uku. Ya ɓoye maganar. Ya tabbatar da cewa wanda ke magana shi ne, ba mai kwaikwayo ba, musamman yanzu da kwamfuta ke iya ƙera muryar mutum. Sannan ya ci gaba da aiki ko an ɗauke wuta, ko rezo ya cushe, ko an lalata eriya. A harkar jirgi, na ukun nan ba ya kasa na farko muhimmanci.

Inda layin yake taɓa ran fasinja

Wuri na farko shi ne tafiyar shugabanni da jiragen soja. Ƙarfe nawa za a tashi, ta ina za a bi, wa ke ciki. Wanda ya san wannan ya san inda zai yi kwanton ɓauna.

Wuri na biyu shi ne labarin barazana. Idan jami'an leƙen asirin wata ƙasa suka ji ƙishin-ƙishin za a sa bam a jirgi, dole labarin ya isa filin jirgin da abin ya shafa cikin hanzari, kuma kada masu shirin su san an gano su. Ƙasarmu ta ga abin da bam ke yi wa jirgi. Ranar 19 ga Satumban 1989, jirgin UTA da ya taso daga Brazzaville ya yada zango a Njamena zai wuce Paris, ya tarwatse a saman hamadar Tenere, mutum 170 suka mutu. Bam ɗin a cikin akwati yake. A 1999 kotun Faransa ta yanke wa ƴan Libiya shida hukunci a bayan idonsu. Har yau abin tunawa da mamatan yana nan a cikin rairayi.

Wuri na uku, wanda ya fi sauran haɗari, shi ne hukuncin harbi. Ranar 10 ga Afrilun 2024 masu horarwa daga Rasha suka sauka a Yamai, kuma Télé Sahel ta sanar cewa za su girka na'urorin kakkaɓo jirage. Ƙasa mai fama da ƴan ta'adda tana da haƙƙin kare samanta. Amma sojan da ke zaune gaban na'urar radar ɗigo kawai yake gani yana motsi. Wanda zai gaya masa cewa ɗigon nan jirgin alhazai ne da ya kauce wa hadari, shi ne ma'aikacin hasumiya. Tsakaninsu dole a sami layin da ba ya yankewa, ba a kuma iya kutsawa cikinsa.

Ga abin da ke faruwa in layin ya gaza. Ranar 8 ga Janairun 2020, sojojin Iran suna cikin shirin ko-ta-kwana, suna jiran martanin Amurka. Jirgin fasinja na Ukraine ya tashi daga Tehran da izini. Mai kula da makami ya ɗauke shi makamin abokan gaba ne. Rahoton Iran da kanta ya ce bai samu ya yi magana da cibiyar da ke ba da umarni ba, sai ya harba. Mutum 176 suka hallaka.

Amurka ma abin ya ci ta. Ranar 11 ga Satumban 2001, da aka yi fashin jirage huɗu, ma'aikatar tsaronsu ta buɗe taron gaggawa ta layin sirri. Kwamitin da ya yi bincike daga baya ya gano cewa an yi ta fama a haɗa hukumar jiragen farar hula da taron, saboda matsalar na'urori da rashin samun lambobin layin sirrinsu. Sai ƙarfe 10:17 wakilinsu ya shiga, alhali jirgi na ƙarshe ya faɗi tun 10:03. Layin ya ɓoye magana yadda ake so, amma waɗanda suka fi kowa sanin inda jiragen suke suna waje. Kulle da ya hana mai gida shiga ɗakinsa bai yi rana ba.

Samanmu da na maƙwabta

Jirgi ba ya tsayawa a kan iyaka a buga masa hatimi. Jirgin fasinja yana cin kilomita kusan 800 a awa guda, wato daga Yamai zuwa Birnin Ƙonni bai fi rabin awa ba. Shi ya sa cibiyar Yamai take miƙa jirage ga takwarorinta na Najeriya da Cadi da Aljeriya ta layi na kai tsaye, dare da rana, ko gwamnatoci suna ga-maciji ko ba sa yi. Ma'aikatan farar hula suna da wannan al'ada. Inda ake samun cikas shi ne tsakanin sojoji da kuma tsakanin fadoji.

Mun ga misalai uku a ɗan tsakanin nan. Ranar 6 ga Agustan 2023 majalisar CNSP ta rufe sararin saman Nijar saboda barazanar CEDEAO. Kwana uku bayan haka ta sanar cewa wani jirgin sojan Faransa da ya taso daga Njamena ya katse magana da masu ba da hanya da gangan, daga ƙarfe 6:39 zuwa 11:15 na safe. Faransa ta ce jirgin da izinin sojojin Nijar ya shigo. Ba a sake buɗe wa jiragen fasinja sama ba sai 4 ga Satumba.

A daren 31 ga Maris wayewar 1 ga Afrilun 2025, Aljeriya ta harbo jirgi maras matuƙi na sojojin Mali a yankin Tinzawaten. Aljeriya ta ce ya shiga ƙasarta, Mali ta ce ƙarya ne. Ƙasashen AES suka janye jakadunsu, Aljeriya da Mali suka rufe wa juna sama.

Sai ranar Litinin 8 ga Disamban 2025, kwana ɗaya bayan jiragen yaƙin Najeriya sun taimaka wajen murƙushe yunƙurin juyin mulki a Benin. Jirgin sojan Najeriya ƙirar C-130 da mutum 11 ya sauka a Bobo-Dioulasso. Najeriya ta ce Portugal zai je, matsalar na'ura ce ta sa ya sauka a fili mafi kusa. Ƙawancen AES ya ce ba shi da izinin ratsa saman Burkina, ya kuma sanar cewa an sa makaman kare sama cikin shiri mafi girma, da izinin kakkaɓo duk jirgin da ya keta. Sai da ministan harkokin wajen Najeriya Yusuf Tuggar ya taka har Wagadugu ya gana da Kyaftin Ibrahim Traoré ranar 17 ga wata kafin a sallami sojojin.

Allah ya sa an rabu lafiya. Amma ku lura, a duka ukun kowane ɓangare da nasa labarin, kuma a kafafen yaɗa labarai aka yi musayar maganar bayan abin ya wuce. Matsalar da kira guda na minti biyar tsakanin hafsoshi biyu zai iya kashewa tun jirgi yana sama, ta ɗauki kwana tara da tafiyar minista.

Ba sai ana shiri ake yin irin wannan layi ba. Amurka da Tarayyar Sobiyet sun kusa gwabza yaƙin nukiliya a 1962 kan rikicin Kuba, sai a 1963 suka shimfiɗa layi kai tsaye tsakanin Washington da Mosko. Mutane na ce masa jar waya, amma a farko na'urar buga rubutu ce. Na'urar kullewar daga Norway aka sayo ta, don kada wani ya nuna wa wani tasa fasahar, kuma kowane ɓangare shi ke haɗa nasa mabuɗin ya aika wa ɗayan. Haka nan bayan Sobiyet ta harbo jirgin fasinjan Koriya ta Kudu da ya ɓata hanya ranar 1 ga Satumban 1983, mutum 269 suka mutu, sai aka haɗa layi tsakanin cibiyoyin ba da hanya na Japan da Amurka da Sobiyet. Hukumar sufurin sama ta duniya kuma ta ƙara doka a 1984 cewa kada ƙasa ta yi amfani da makami a kan jirgin farar hula da ke tafiya. Nijar, Mali da Burkina sun fice daga CEDEAO, amma iyakarmu da Najeriya mai kilomita kusan 1,500 tana nan inda take, kuma jirage suna ratsa ta kullum.

Wa ya ƙera kwaɗon?

A watan Fabrairun 2020 jaridar Washington Post da gidajen talabijin na Jamus da Suwizalan suka fallasa wani abu da ya girgiza gwamnatoci. Kamfanin Crypto AG na Suwizalan, wanda ya sayar wa ƙasashe sama da 120 na'urorin kulle saƙo, ashe tun 1970 hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA da ta Jamus ne suka mallake shi a ɓoye. Ƙasashe suna biyan kuɗi mai yawa su sayi kwaɗo, mai kwaɗon yana riƙe da mabuɗi na biyu. A 2018 kuma jaridar Le Monde ta ruwaito cewa na'urorin hedikwatar Tarayyar Afirka da China ta gina a Adis Ababa sun yi shekaru suna aika bayanai zuwa Shanghai cikin dare. China ta musanta.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Sojojin Faransa sun gama ficewa ranar 22 ga Disamban 2023, na Amurka sun bar sansanin 101 a Yulin 2024 da na 201 na Agadas a Agusta. Ranar 1 ga Nuwamban 2024 Nijar ta sa hannu da kamfanin Glavkosmos na Rasha kan taurarin ɗan'adam guda uku, ɗaya daga ciki na sadarwa. A 2025 kuma Starlink na Amurka ya fara aiki a ƙasar da izini. Canza abokin hulɗa haƙƙin ƙasa ne. Sai dai darasin Crypto AG bai zaɓi ƙasa ba: duk wanda ya sayar maka da kwaɗo, Bafaranshe ne ko Barashe ko Basine ko Baturke, ka tambaye shi mabuɗi nawa ya ƙera.

Ba ma ƙera waya ko tauraro a nan, gaskiya ne. Amma hanyoyin kulle magana mafi ƙarfi a yau a fili suke, masana lissafi na duniya sun yi shekaru suna gwada su. Abin da ke zama sirri shi ne mabuɗin kaɗai. Ke nan ƙasa maras ƙarfi ma tana iya haɗa nata mabuɗan a cikin gida, ta ajiye su a hannun ƴaƴanta, ta dinga canza su, ta kuma sa injiniyoyinta su binciki abin da aka sayo. Muna da Jami'ar Abdou Moumouni, muna da EAMAC, muna da hukumar ANSI. Ƴancin kai da ake magana a kai, a wannan fanni ma'anarsa ke nan: horar da mutanen da za su riƙe mabuɗi, a kuma biya su abin da zai hana su sayar da shi.

Da ɗan gari akan ci gari

Komai ƙarfin kwaɗo, hannun mutum ne ke riƙe da shi. A watan Maris na 2025 manyan jami'an Amurka suka buɗe zaure a manhajar Signal suna tattauna harin da za su kai Yemen. Signal tana kulle magana sosai. Amma mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, Mike Waltz, ya saka ɗan jarida Jeffrey Goldberg a zauren bisa kuskure. Ministan tsaro Pete Hegseth ya rubuta lokacin da jiragen yaƙi za su tashi, ɗan jaridar yana karantawa tun kafin bam ya faɗi. Shekara guda kafin nan, tashar RT ta Rasha ta watsa hirar minti 38 ta manyan hafsoshin sojan saman Jamus. Gwamnatin Jamus ta ce ɗaya daga cikinsu ne ya shiga taron daga otel a Singapore ta layin da ba a kulle ba. Mutum ɗaya ya yi sakaci, asirin kowa ya tonu.

Mu ma tarihinmu yana da nasa. Ranar Juma'a 9 ga Afrilun 1999 aka kashe shugaba Ibrahim Baré Maïnassara a ɓangaren soja na wannan filin jirgi na Yamai, yana shirin hawa jirgi mai saukar ungulu, kuma daga cikin masu tsaronsa harbin ya fito. Ba wanda ya buƙaci tare waya don sanin lokacin tafiyarsa. A baya-bayan nan kuma, da Kotun Ƙasa ta cire wa tsohon shugaba Mohamed Bazoum rigar kariya ranar 14 ga Yunin 2024, cikin abin da aka zarge shi akwai magana ta waya da Macron da sakataren harkokin wajen Amurka Antony Blinken, zargin da lauyoyinsa suka yi watsi da shi. Ko wane ɓangare mutum yake, ya ga cewa kiran wayar shugaba magana ce ta ƙasa baki ɗaya.

A Bamako ma, ranar 17 ga Satumban 2024, mayaƙan JNIM sun kutsa ɓangaren soja na filin jirgin Senou har suka cinna wa injin jirgin shugaban ƙasa wuta. Filayen jirgin Sahel sun shiga jerin wuraren da ake hari. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka shafa wa naka ruwa.

Sirri yana da iyaka

Dole a bambance sirrin aiki da rufa-rufa. Lokacin tashin jirgin soja sirri ne. Dalilin faɗuwar jirgin da ya kashe ƴaƴan mutane ba sirri ba ne, ƙa'idar duniya ma ita ce a yi bincike a fitar da rahoto. Iran ta yi kwana uku tana musun harbo jirgin Ukraine kafin ta amsa, kuma wannan musun ya ƙara wa iyalan mamatan baƙin ciki. Idan an yi hari kuma hukuma ta daɗe ba ta yi magana ba, WhatsApp ne ke cike gurbin da ƙarya, ƴan'uwa na ƙetare su kwana suna kiran gida cikin tashin hankali.

Haka nan, gwamnatin da ke kulle tata wayar ta tuna da ta talaka. Ranar 29 ga Mayun 2020 majalisar dokoki ta amince da dokar da ta ba da damar sauraron wayoyin mutane don dalilin tsaro, ƴan adawa na lokacin suka ƙaurace. Ana iya buƙatar irin wannan iko a yaƙi da ta'addanci. Amma yana son sa ido, don kada makamin da aka tanada wa ɗan ta'adda ya koma kan ɗan jarida ko ɗan kasuwa.

Mu ma da namu rabon. Wanda ke zaune kusa da filin jirgi a Yamai, Agadas, Damagaram, Maraɗi, Tawa ko Difa, ya daina ɗaukar bidiyon saukar jiragen soja yana watsawa. Mai ɗa ko miji a soja, kada ya tambaye shi ta waya yaushe za su tashi, ina za su. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ƴan'uwa na ƙetare kuma ku tantance saƙon murya kafin ku tura wa zauren ƴan garinku. Ku sani cewa tun gyaran dokar Yunin 2024, yaɗa abin da aka ɗauka zai tada hankalin jama'a ta intanet yana iya jawo ɗaurin shekara 2 zuwa 5.

Ga hukumomi kuwa, ba muna neman su faɗa mana lambar layinsu ba ne. Tambayoyi huɗu ne da ya kamata kowane mai alhaki ya iya amsa wa kansa. Hasumiyar Yamai da masu riƙe da makaman kare sama suna da layi kai tsaye da ake gwadawa a kai a kai? Filayen jirgin jihohi suna cikin wannan layin? Akwai lambar da hafsan Nijar zai kira takwaransa na Najeriya ko Aljeriya ko Benin da tsakar dare a ɗauka? Mabuɗan kuma a hannun wa suke?

Kowace shekara dubban maniyyata ne ke tashi daga ƙasar nan, da yawansu tsofaffi da suka sayar da shanu ko suka yi shekaru suna tara kuɗin kujera. Idan jirginsu ya kauce wa hadari ya bi ta inda ba a zata ba, abin da zai tsare su, bayan kiyayewar Allah, shi ne kira guda da ya shiga a kan lokaci tsakanin ma'aikacin hasumiya da sojan da ke gaban radar.

Muna jiran ra'ayoyinku a shirinmu na gaba. Allah ya kiyaye matafiyanmu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya.